Ƙanena Ya Yi Wata 14 Yana Jiran Shari'a: Da Gaske Rashin Kuɗi Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Barista. Ina rubuto maka ne daga Daura. An kama ƙanena a wani samame bayan an yi wa wani ƙwacen waya a unguwarmu, aka rubuta masa fashi da makami. Yau wata 14 ke nan yana tsare. Duk ranar zama sai alƙali ya ce ba shi da hurumi, ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Wata rana ma ba a kawo shi, a ce mana babu man mota. Duk wanda na tambaya sai ya ce gwamnati ce ba ta sakin kuɗi. Da gaske babu abin da zai gyaru sai an ƙara musu kasafi? Mu kuma me za mu yi? Daga wata 'yar'uwa, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kawo wa ƙanenki mafita, Ya ƙara wa iyayenku haƙuri.

Kuɗi sun yi ƙaranci, ba zan musa ba. Amma na daɗe ina bin irin wannan shari'a, kuma abin da na fi samu yana riƙe mutum a tsare shi ne takarda da ta kwanta a teburin wani, alhali babu wanda aka ɗora wa nauyin tambayar inda ta kwana.

Dubi hannuwan da maganar ƙanenki ke bi. 'Yan sanda sun kama shi sun yi bincike. Fashi da makami hurumin Babbar Kotu ne, don haka majistare ba ya iya sauraron shari'ar, iyakarsa ya ba da umarnin tsarewa. Daga nan 'yan sanda za su aika kwafin fayil zuwa Ma'aikatar Shari'a, lauyoyin ofishin DPP, wato daraktan gabatar da ƙararrakin gwamnati, su karanta su ce ko akwai hujjar gurfanarwa ko babu. In akwai, su shigar da ƙara a Babbar Kotu. Duk tsawon wannan lokaci gandirobobi ne ke riƙe da mutumin. Kowane ofishi da littafinsa, kowanne da lambar da ya ba fayil ɗin. Ɗan sandan da ya yi bincike yana ganin ya gama nasa tun ranar da ya kai shi kotu, ƙila ma an yi masa canjin wurin aiki. Lauyan gwamnati bai san da maganar ba in fayil bai iso gare shi ba. Majistare yana ɗage zama yana jira. Gidan gyaran hali kuwa takardar tsarewa kawai ya sani. Kowa ya yi aikinsa daidai gwargwado, mutum kuma yana ruɓewa a tsakani.

Akwai wani abu a ƙarƙashin wannan da ba a cika faɗa ba. 'Yan sanda da gidajen gyaran hali na gwamnatin tarayya ne, daga Abuja ake biyansu. Kotunan majistare, kotunan shari'ar Musulunci, Babbar Kotu da Ma'aikatar Shari'a na jiha ne. Mafi yawan waɗanda ke tsare kuwa dokar jiha ake tuhumarsu da karyawa. Ke nan wanda jinkiri ya fito daga wurinsa sau da yawa ba shi ke biyan kuɗin tuwon fursuna ba. A 2024 an ɗaga kuɗin abincin fursuna daga naira 750 zuwa 1,125 a kullum. A wannan lissafi, wata 14 na ƙanenki sun ci sama da naira 470,000 a abinci kaɗai. Kwafin fayil ɗinsa da kuɗin motar kai fayil ɗin Katsina, tafiyar kusan kilomita 80, 'yan dubbai ne. To ki ninka wannan, domin a faɗin Najeriya kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Ana kashe kuɗin, a wurin da ba ya haifar da komai ake kashe su. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali, kuma ina ganin ranar da jiha ta fara biyan kuɗin abincin nan daga aljihunta, fayil zai koyi sauri.

Doka ba ta yarda da abin da ake yi muku ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya, ACJA ta 2015, wadda Jihar Katsina ma ta yi tata a kan tsarinta, ta sa wa komai wa'adi. Lambobin da zan ambata na dokar tarayya ne, lauya zai buɗe miki takwarorinsu a ta jiha. Sashe na 296 ya ce umarnin tsarewa kwana 14 ne, ana iya sabunta shi in an nuna dalili, amma in aka haɗa duk sabuntawar ba ta wuce kwana 56 ba, kuma kafin nan kotu za ta kira hukuma ta faɗi dalilin da zai hana a saki mutum. Sashe na 376 ya ba Antoni Janar kwana 14 daga karɓar fayil ya fitar da shawara. Gaskiya ɗaya da ya kamata ki sani ita ce, tanadin sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 na sakin wanda ba a yi wa shari'a cikin wata biyu ba bai shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba, fashi da makami kuma yana cikinsu. Shi ya sa kalmar da aka rubuta a takardar farko take da nauyi haka, shi ya sa kuma nake jin ciwo in na ga an rubuta ta da garaje.

Yanzu ga abin da za a iya yi da kuɗin da ke hannu.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne jerin sunaye guda ɗaya. Shugaban kowane gidan gyaran hali ya san kowa da ke hannunsa, ranar da aka kawo shi da kotun da ta aiko shi. Ya fitar da wannan jeri duk wata. A zauna a teburi ɗaya: majistare, jami'in 'yan sanda mai kula da shari'a, lauyan ma'aikata, gandiroba mai riƙe da rajista, da lauyan Hukumar Ba da Agajin Shari'a. A kira suna ɗaya bayan ɗaya, a yi tambaya ɗaya: fayil ɗin wane yana hannun wa yau? Wanda yake hannunsa ya faɗi ranar da zai fitar da shi, a rubuta, wata mai zuwa a fara da nan. Na taɓa zama a irin wannan taro inda aka gano cewa shawarar sakin wani saurayi ta fito watanni da suka wuce, tana cikin ambulan, ba wanda ya kai ta kotu. Ba a kashe ko kwabo ba wajen gano hakan, haɗa mutum biyu aka yi a ɗaki ɗaya. Doka ma ta riga ta kafa kwamitin sa ido a kan tafiyar da shari'ar laifuka, a sashe na 469. Matsalar ita ce in zaman ya tsaya a babban birni tsakanin manya, ba ya ganin fayil. Sai an sauko da shi Daura, Funtua, Malumfashi da Dutsin-Ma, inda masu riƙe da takardun suke. In aka ƙara da lamba ɗaya da za ta bi fayil tun daga caji ofis har ranar hukunci, ko a kwamfuta ɗaya ko a babban littafi, an rage rabin ɓatan.

Sai dai a kiyaye. Haɗin kan da nake nufi a kan tafiyar takarda ne da ranakun zama. Ranar da alƙali ya fara tattauna hujja da mai gabatar da ƙara a bayan idon wanda ake tuhuma, an fita daga gyara an shiga zalunci. Shi ya sa kujerar lauyan mai kare kai a teburin nan ba ta ado ba ce.

Abu na biyu, a tare ruwa tun daga mafari. Sashe na 34 ya wajabta wa majistare ya ziyarci ofisoshin 'yan sanda da sauran wuraren tsarewa aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kame, ya ba da beli inda yake da hurumi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ce a sa ɗan sanda mai shaidar lauya a kowane dibishin. Akwai kuma tsarin lauyan sa-kai da ke zuwa caji ofis ya ga wanda aka kama tun kafin a rubuta masa tuhuma. Da ɗaya cikin ukun nan ya ga ƙanenki a makon farko, da an tambaya: ina makamin, wa ya gan shi, ina wayar? Haka kuma masu kame sun yi yawa yanzu, ga Sibil Difens, ga Hisba, ga dakarun tsaron al'umma da jihar ta kafa a 2023. Duk wanda zai miƙa mutum ga 'yan sanda ya miƙa shi da rubutaccen bayani da sunan shaida da lambar wayarsa. Shari'u da yawa suna mutuwa ne don wanda ya yi kamen ba a san inda yake ba ranar shaida.

Ƙananan laifuka kuwa bai kamata su cinye lokacin kotu da gadon fursuna ba. Rikicin bashi ba na caji ofis ba ne, sashe na 8 na ACJA ya hana kama mutum a kansa. Faɗan maƙwabta da ɓarnar gona, mai unguwa da dagaci da hakimi sun san sulhunsu tun kafin a gina kotu. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma. A Nuwamba 2023 sai da Ma'aikatar Cikin Gida ta tara naira miliyan 585 don biya wa fursunoni 4,068 tara da diyya, mutanen da talauci kaɗai ya riƙe.

Maganar man mota gaskiya ce, kuma tana da magani mai araha: kotunan gari ɗaya su haɗa shari'un waɗanda ke tsare a ranaku ɗaya don mota ta yi sawu ɗaya, zaman da ɗagewa kawai za a yi kuma a yi shi ta bidiyo. Inda dabara ba ta isa ba shi ne yawan lauyoyin ma'aikata, kuɗin motar shaidu da gwajin asibiti. Waɗannan sai an sa kuɗi, kuma in ni ake tambaya, su za a fara ba kafin sabon gini.

Ke kuma, 'yar'uwa, kada ki ƙara komawa gida da "ana jira". Je wurin rajistaran kotun ki karɓi lambar shari'ar da ranar da aka fara tsare shi. Ki nemi sanin ranar da 'yan sanda suka aika fayil da lambar wasiƙar da ta raka shi. In babu wasiƙa, kin gano inda aka tsaya. In akwai, lauya ya rubuta wa Antoni Janar na jiha yana tunatar da wa'adin, ya kuma nemi beli a Babbar Kotu, domin ita ke da ikon bayarwa a irin wannan tuhuma, kuma doguwar tsarewa ba tare da gurfanarwa ba hujja ce da kotu ke dubawa. A sa sunansa cikin waɗanda za a gabatar wa Babban Jojin Jiha in ya zo ziyarar gidan gyaran hali, yana da ikon sakin wanda tsarewarsa ta saɓa doka. Idan ba ku da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofishi a Katsina kuma aikinta kyauta ne. In aka ba da beli, kada wani ya ce miki mace ba ta tsayawa, sashe na 167 ya ba ki wannan dama. Ki tafi da katin shaidarki da kwafin duk takardar da kika samu, asalin kuma ki bar shi a gida.