Sabon Aiki a Ɗakin Kati: Me Ake Nufi da Folda, Kod da Kafiteshan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Zariya, ni ce ke tarbar marasa lafiya ina yanka musu kati. Sati biyu ke nan kullum ina jin ana cewa folda, kod, kafiteshan, rifaral, ni kuwa kunya ta hana ni tambaya. Don Allah a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a aikin. Ki ajiye kunyar nan, domin kujerar da kike zaune a kai ita ce ƙofar asibitin.

Mu fara da kati da folda, tunda mutane suna haɗa su. Kati shi ne ɗan ƙaramin da majinyaci yake tafiya da shi gida. Folda kuwa a asibiti take kwana, a cikinta likita yake rubuta abin da ya gani, da sakamakon gwaji, da magungunan da aka bayar. Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne lamba, kuma ƙa'idar ita ce mutum ɗaya, lamba ɗaya, komai yawan zuwansa. A nan ne na fi son ki sa ido. Mace za ta zo ta ce katinta ya ɓata, layi ya yi tsawo, sai a yanka mata sabo don a huta. To an raba tarihinta gida biyu ke nan. Wataƙila a tsohuwar folda aka rubuta cewa wani magani ba ya karɓar ta, likitan yau kuma bai gani ba. Ki bincika tukuna. Suna kaɗai ba ya isa a ƙasar nan: a rajista ɗaya za ki tarar da Fatima, Faɗimatu da Binta, ta yiwu mace ɗaya ce, ta yiwu kuma uku ne. Ki haɗa da lambar waya, unguwa da shekaru. Idan folda za ta fita daga kanta, ki sa takarda a gurbinta mai nuna wanda ya ɗauka da ranar.

Rifaral takarda ce da likita yake rubutawa ya tura majinyaci inda aka fi ƙwarewa, kamar asibitin koyarwa na Shika. Naki shi ne ki tabbata akwai kwanan wata da sa hannu, ki kuma ajiye kwafi.

Kafiteshan da kod na masu inshora ne. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS, tana aiki da kamfanonin kula da inshorar lafiya da ake kira HMO. Kafiteshan kuɗi ne ƙayyadadde da ake biyan asibiti duk wata a kan kowane mutum da ya zaɓe shi, ko ya zo ko bai zo ba, don ƙananan larurori irin su zazzaɓi. Shi ya sa kafin komai za ki duba ko sunan majinyaci yana cikin jerin masu inshora na wannan watan. Idan abin ya kai ga tiyata ko ganin babban likita, sai an nemi lambar izini daga HMO, ita ce kod ɗin da kike ji. In aka yi aikin babu ita, kamfanin yana iya ƙin biya. Ma'aikacin gwamnati mai wannan inshora yakan biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, ki gaya masa tun da wuri kada rigima ta tashi a wurin karɓar magani.

Akwai wani kod ɗin daban, na cututtuka, daga kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya. A bugu na 10, I10 hawan jini ne, B54 kuma maleriya da ba a fayyace irinta ba. Likita ke faɗin cutar, ke kwafa za ki yi. In rubutun bai karantu ba, ki koma ki tambaye shi.

Sai amana. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majinyaci sirri ne. Miji zai zo, ko uwar miji, da fara'a, a ce "me gwajin ya nuna?" Ki amsa cikin ladabi: "Hajiya, ki yi haƙuri, sai dai ita da likita." Haka nan kada ki ɗaga murya ki tambayi mutum abin da ke damunsa a gaban jama'a.

Wannan dokar ta kuma hana a ƙi duba mai larurar gaggawa. Idan aka shigo da yaro yana jijjiga, ko mai ciki tana zubar jini, ki tashi ki kira nas nan take. Katin a yanka daga baya, ɗan'uwan da ya rako su zai ba ki bayanin.