Me Ya Sa Aka Kira Maroon 5 Sabbin Mawaƙa a 2005?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga an rubuta cewa Songs About Jane shi ne kundin farko na ƙungiyar Maroon 5, kuma a 2002 ya fito. Amma sai a 2005 aka ba su kyautar Grammy ta sabon mawaƙi. Yaya za a yi mutum ya kusa shekara uku da fitowa a ce masa sabo? Sannan wani abokina ya ce tun 1997 suka taɓa fitar da kundi. Maganar wa zan kama?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, wanda ya rubuta 2002 ma haka.

Mutum huɗu daga cikinsu, wato Adam Levine da Jesse Carmichael da Mickey Madden da Ryan Dusick, sun haɗu tun suna 'yan sakandare a Los Angeles, a Amurka, suka kafa ƙungiya mai suna Kara's Flowers. Kamfanin Reprise ya ɗauke su, a 1997 suka fitar da kundin The Fourth World. Bai yi kasuwa ba, kamfanin ya sallame su. Levine da Carmichael suka tafi karatu wata kwaleji a jihar New York, inda kunnen Levine ya buɗe ga kiɗan baƙaƙen Amurka, R&B da hip hop da irin salon Stevie Wonder. Da suka komo gida sai salonsu ya sauya. Wani ƙaramin kamfani mai suna Octone ya karɓe su, aka ƙara musu mai kaɗa jita James Valentine a 2001, suka zama biyar, suka sake suna.

A harkar waƙa, da sunan da ke kan bango ake ƙirga kundi. Tunda suna ya sauya, mutane sun ƙaru, kiɗa ma ba shi ba ne, sai lissafi ya fara daga fari. Shi ya sa ake cewa Songs About Jane, wanda ya fito ranar 25 ga Yunin 2002, shi ne na farkon Maroon 5, na 1997 kuma a bar wa Kara's Flowers.

Batun Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, ya fi ɗaukar bayani. Masu kyautar ba ranar da ka fara shiga situdiyo suke dubawa ba. Abin da suke nema shi ne shekarar da jama'a suka san ka. Su kuwa Maroon 5 ba a san su a 2002 ba. Kundin ya fito shiru. Waƙar da aka fara turawa gidajen rediyo, Harder to Breathe, ta daɗe tana jan ƙafa kafin ta kama. Levine ya sha faɗa cewa matsin kamfani ne ya haifar da ita: an ce su ƙaro waƙa, ransa ya ɓaci, ya rubuta ta cikin fushi.

To me ya raya kundin? Yawon wasa. Octone ba shi da kuɗin da zai cika duniya da talla, sai ya sa su a hanya, gari zuwa gari, suna buɗe wa waɗanda suka fi su suna dandali, irin su John Mayer da Michelle Branch. Mai buɗe dandali yana wasa ne lokacin da mutane ke shigowa suna neman wurin zama, ba don shi suka sayi tikiti ba. Idan ya iya sa kaɗan daga cikinsu suka tambayi sunansa, ya ci riba a daren. Haka suka riƙa tara masoya a hankali. Sai a farkon 2004 aka saki This Love, She Will Be Loved ta biyo baya, kowacce ta kai ta biyar a jadawalin Billboard na waƙoƙi 100. A shekarar ne kundin ya kai na shida a Amurka, ya hau na ɗaya a Birtaniya, fiye da shekara biyu bayan fitowarsa. Daga baya cinikinsa ya haura kwafi miliyan 10 a duniya. Saboda haka a idon masu zaɓe, 2004 ce shekararsu, aka kuma miƙa musu kyautar a Fabrairun 2005.

An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan nasara, domin mawaƙin hip hop Kanye West yana cikin waɗanda suka kayar, kuma mutane da yawa shi suka sa wa rai. Abin bai zama gaba ba: a 2005 ɗin Levine ya sa murya a waƙar Heard 'Em Say ta Kanye.

Idan kana sauraronsu, ga abin da zan so ka kasa kunne a kai. Ana sa kundin a rukunin pop rock, wato kiɗan jita da ganga irin na rock amma da amshi mai saurin shiga kai, wanda rediyo ke so. Abin da ya raba shi da na tsaransa shi ne yadda jitar ke yanka kiɗa gajere-gajere irin na funk, da fiyano a This Love, da siririyar muryar Levine da ke hawa sama. Matt Wallace ne ya tsara yawancin aikin. Waƙoƙi 12 ne, akasarinsu kan rabuwar Levine da budurwarsa, wadda sunanta ke jikin kundin. A ganina shi ne aikin da ka fi jin mutum biyar suna kaɗawa tare. Daga Moves Like Jagger ta 2011 zuwa gaba sun karkata ga kiɗan kwamfuta da marubutan waje, kasuwa ta ƙaru, amma sautin ƙungiya ya ja baya. Wasu sun fi son na bayan, ni dai na farkon nake komawa.

Dogon yawon nan bai tafi a banza ba, kuma bai bar su lafiya ba. Mai ganga Ryan Dusick ya samu ciwo a hannu da kafaɗa har ya kasa wasa, ya bar ƙungiyar a 2006, Matt Flynn ya maye gurbinsa. Kundi na biyu, It Won't Be Soon Before Long, bai fito ba sai 2007, shi kuwa a makonsa na farko ya hau na ɗaya a Amurka.