Ƙaiƙayin hannu ya hana ni barci

Tambaya: Salam Anti, shekara 2 kenan tafin hannuna na fitar da ƙananan ƙuraje masu ruwa, ga ƙaiƙayi har dare, kuma na lura in na ci waakye (shinkafa da wake) ko ƙosai abin yana ƙaruwa. Ko abinci ne? Daga wata baiwar Allah, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu wallahi. Wannan ya yi kama da ciwon fata da likitoci ke kira ezima, kuma eh, a wasu mutane abinci mai sinadarin nikel (wani nau'in ƙarfe) kamar wake, gyaɗa, waken suya, cakulan da abincin gwangwani yana tayar da shi. Amma don Allah kar ki yanke komai lokaci ɗaya ki rame a banza, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ci da ranar da ƙaiƙayin ya tashi, sai ki bar wake kaɗai na sati 3 zuwa 4, sannan ki dawo da shi ki gani. Sau da yawa ma omo da sabulun wanke-wanke ne, musamman da hunturu, ki sa safar hannu ki shafa basilin. Ki je asibitin Komfo Anokye likitan fata ya duba ki.