Ciwon Haƙarƙari da Kwanciyar Mai Juna Biyu

Tambaya: Cikina ya kai wata 7, kuma na daɗe ina fama da ciwon haƙarƙari a ɓangaren hagu. An ce mai ciki ta kwanta ta hagu kawai. Yaya zan yi? — Wata mai karatu daga Gusau.

Amsa: 'Yar'uwa, kwanta ta dama. Daga mako 28, abin da ake gudu shi ne yin barci a rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya. Dama ko hagu duk ba laifi. In kin farka kin tsinci kanki a rigingine, juya kawai, kada ki tsorata.

Ki sa filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, ƙarami a ƙarƙashin ciki, sannan ki naɗe zani ki tokare bayanki. Ɗaga ƙirji da kafaɗu gaba ɗaya da filo biyu, ba kai kaɗai ba, don haƙarƙari ya sami sarari. Kwanciya kan tabarma ba shimfiɗa na ƙara ciwon. Tsumma mai ɗumi a wurin, minti 15 kafin barci, yana taimakawa. Kada ki sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis; suna iya cutar da ƙodar jariri.

Amma fa in ciwon ya koma ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da ciwon kai, dishi-dishin gani ko kumburin fuska, alamar hawan jinin masu ciki ce, mai kawo jijjiga. Kada ki jira ranar awo, tafi asibiti a daren.