Tambayi Mai Haɗa Magani: Baba, Baffanni da Jiƙon Kurkum

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An tabbatar mahaifinmu, mai shekara 63, yana da ciwon dajin huhu. Likita ya ce a fara ƙara masa ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sawa ta jijiya, amma baffanninmu sun ce guba ce, a sa shi kan jiƙon kurkum da habbatussauda da zogale. Ni ke jinyarsa, na rasa wa zan bi.
Daga wata mai karatu a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

Ki gaya wa baffanninki, cikin ladabi, cewa wasu magungunan kemo ɗin ma daga itatuwa suka fito. Paclitaxel daga ɓawon wata bishiyar yammacin Amurka aka fara tsamo shi a shekarun 1960, kuma sai 1992 aka amince a ba marasa lafiya. Vinorelbine kuwa, kin san furen nan fari ko ruwan hoda da ake shukawa a ƙofar ofisoshi, wanda rani ba ya kashewa? Asalinsa Madagaska ne, a Faransa aka sarrafa sinadarinsa aka samar da wannan magani. Don Allah kada wani ya ji haka ya tafasa ganyensa, yana da dafi.

Bambancin kemo da jiƙo a awo yake. Kafin in haɗa leda ɗaya ta kemo, sai na ga tsawon mutum da nauyinsa da sakamakon gwajin jininsa. Jiƙon tukunya kuwa, wa zai ce miki ga abin da ke cikin kofi guda?

Sinadarin kurkum yana kashe ƙwayoyin daji a kwanon gwaji, gaskiya ne, amma hanji kaɗan yake tsotsa, ɗan abin da ya shiga kuma hanta ta yi saurin kawar da shi. Wani abin ma da ake zaton alheri yakan juye. A Finlan an gwada ƙwayar sinadarin da ke cikin karas a kan maza mashaya taba kimanin 29,000, sakamakon 1994 ya nuna dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha.

Ni abin da ya fi tayar min da hankali shi ne jinkiri. Na ga waɗanda suka tafi neman maganin gargajiya wata uku suka dawo ba sa iya hawa matakala.

Kwaɗon zogale abinci ne, in ransa na so ki ba shi. Amma ranar asibiti ki tattara duk kwalabe da ƙulle-ƙullen da aka kawo masa ki ajiye gaban likita, don wasu suna wahalar da hanta, wasu suna rage ƙarfin kemo. Ki roƙi babban baffanku ya raka ku, ya yi tambayoyinsa da bakinsa.