Babur Mai Hayaƙi da Takardar da ba Tasa Ba

Wai abokinka ya samo Suzuki AX100 daga Kwatano, araha kamar banza, kana tambaya ko za a yi masa lamba ya hau titi lafiya tunda inji ne mai ƙona fetur haɗe da baƙin mai. Ajiye wayar nan tukuna. Ku yaran yanzu kunne ɗaya na wajen maigida, ɗaya na TikTok.

Da wani abu ka tambaya, da na ce ka je ka ci gaba da aikinka. Amma ka fama mini tsohon miki.

Tun 2011 aka fito da dokar hayaƙin ababen hawa ta hannun hukumar kula da muhalli ta NESREA, aka hana shigo da irin wannan inji Nijeriya. Dalilin yana cikin bulon injin da kake kwancewa kullum ba ka dubawa. Ba shi da bawul, ramuka ne a jikinsa. Lokacin da sabon mai ke shiga, ramin salansa a buɗe yake, sai wani ya fice ɗanye bai ƙone ba, ga baƙin man da ke ƙonewa tare. Shi ne shuɗin hayaƙin nan mai sa hawaye. Ba mu muka fara ba ma. Yamaha ta daina ƙera RX100 a Indiya tun 1996, Vespa PX kuma da iyayenmu suka yi ƙwalisa da ita, dokar hayaƙi ta Turai mai suna Euro 4 ce ta binne ta.

Ni dai ina son injin nan, ba zan ɓoye ba. Fistin, ringi, fulogi, shi ke nan. Kafin azahar na sauke shi na mayar. Son nan ne ya ja mini.

Shekara guda da yin dokar, wani Alhaji da na yi shekaru ina yi wa gyara ya zo nan, ya zauna a bencin da kake kai. Ya ce yana da guda huɗu sababbi fil, leda ma ba a cire daga kujera ba, kuɗi yake nema da gaggawa. Muka je wani gida bayan magariba. Na buga kik sau ɗaya, inji ya ɗauka, ƙararsa tas kamar an kaɗa kuge. Wallahi daga nan hankalina ya tafi. Na tambayi takardun kwastan, ya zaro su daga aljihun babbar riga, a ninke, da hatimi da komai. Na kalli hatimin na gyaɗa kai. Fitila tana aljihuna, ban durƙusa na haska lambar inji ba. Ni da nake zagin yara a kan wannan!

Filina na sayar, na haɗa da kuɗin adashin uwargida. Na saka biyu a haya, biyu na ce zan sayar bayan salla. Ranar da aka je yin lamba sai ga yarona ya dawo a ƙasa, yana zufa. Takardun na gaske ne, amma na wasu babura ne masu bawul da suka shigo ta hanya. Lambar inji daban, ta shasi daban. Biyun da aka kai yin lamba har yau ban sake ganinsu ba. Na je wajen Alhaji, ya ce shi ma haka aka ba shi, ciniki kuma ya faɗa tun da na karɓi makulli. Ya rantse har da ɗaga yatsa sama. Mutumin da na taɓa fita ƙarfe ɗayan dare cikin ruwan sama na tayar masa da babur ban karɓi sisi ba.

Ragowar biyun na ɓoye ina jiran abu ya lafa. Sai ga Janairun 2013, aka kai wa Sarki Ado Bayero hari, gwamnatin Kano ta hana acaɓa. Wa zai saya? Da hannuna na farke su na sayar da kayan ɗaya-ɗaya. Filin nan yanzu bene ne a kansa, ta gabansa nake wucewa in zan je masallacin Juma'a.

To ga amsarka. Tsohon da ya shigo tun da can, da lambarsa da takardunsa, ga su nan kana ganinsu suna yawo, muna gyara su. Wanda aka tsallako da shi yanzu kuwa ta jeji ya biyo, duk takardar da za a nuna maka ta wani ce. Kada wani ya ruɗe ka da cewa in an rage baƙin mai hayaƙi zai ɓace. Fistin zai kama bulo, lambar da ke jikinsa kuma tana nan yadda take. Yadda ake gwada lamba da takarda ba sai na koya maka ba, in har kana iya karatu.

Ka gaya wa abokin naka ya ƙara kuɗi ya sayi Boxer mai bawul. In ya ƙi, kada ya kawo mini shi garejin nan. Miƙo mini sifana mai lamba 10, kabiretar can ma tun safe ba ka wanke ta ba.