Tambayi Likita: ciwo na jikina, Fotugisanci ya gagare ni

Tambaya: Likita ina da hawan jini, kasuwanci ya kawo ni Sao Paulo a Burazil, abincinsu wlh gishiri kamar me. Me zan ce musu?

Amsa: Sannu Alhaji. Ka riƙe "sem sal", wato ba gishiri, ko "pouco sal", gishiri kaɗan, shi kuma hawan jinin a can "pressão alta" suke ce masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, to kai da kake shan magani ai sai ka ƙara kiyayewa. Ka bar bacalhau, busasshen kifi ne da aka adana a gishiri, ko an kwana ana jiƙa shi ba ya fita duka. Feijoada kuwa baƙin wake ne da naman alade, har farofa, garin rogon nan da suke soyawa, sukan yanka alade a ciki, dan haka kafin ka kai loma ka tambaya "tem porco?", wato akwai alade a ciki? Maganinka dai kar ka fasa dan ka ji sauƙi.

Tambaya: Muna zaune a Luanda, yarona in ya ci gyaɗa jikinsa sai ya feso da ƙuraje.

Amsa: Hajiya a Fotugisancin boko gyaɗa "amendoim" ce, amma a Angola "jinguba" za ki fi ji, ki haddace duka biyun. Ki faɗa wa malamansa "ele tem alergia a amendoim", wato jikinsa ba ya karɓar gyaɗa. In kika ga leɓe ko fuska sun kumbura, "inchado" ke nan, ko numfashi na sarƙewa, asibiti kai tsaye ba jira.

Tambaya: Ɗalibi ne ni a Lisbon, jiri ke ɗibana, na ce wa nas "sou tonto" ta kama dariya.

Amsa: Ƙanina ai ce mata ka yi kai wawa ne, nima sai da na dara. "Sou" na halin mutum ne, "estou" na yanayin da kake ciki yanzu, sai ka ce "estou tonto". Jirin kuma kar ka raina shi, a auna jininka da suga, a duba ko ƙarancin jini ne. In ya zo da ciwon ƙirji ko harshe ya karye, abokin zamanka ya kira 112, lambar neman agajin gaggawa a Fotugal.